Kyankyasai a Motar Tumatir

Badun,
11 ga Janairu, 1986.

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Ni ma lafiya lau, sai gumi irin na Kudu, wanda har yau jikina ya ƙi sabawa da shi. Iliyasu direba ya ce mini bana tumatir ya yi kyau a Kadawa, rumfar abincinki kuma ba wurin zama tun daga hantsi. Allah ya ƙara albarka.

Yaya, wata alfarma nake nema, kuma na daɗe ina juya biro kafin in fara. Na zaɓe ki ne don duk danginmu ke kaɗai ce ke karanta takardarki da kanki, ba sai an kira wani ya karanta miki a tsakar gida kowa na ji ba. Ko da yake zumuncin ya ɗan yi nisa, tunda mahaifiyarki da Malam mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, ai ke kika goya ni, kuma ban taɓa jin maganata ta fita daga bakinki ba.

Kyankyasai nake so. Na san za ki yi dariya, ki yi abinki, akwai wasa tsakaninmu. Manya, jajayen nan masu fiffike, kamar ɗari biyu. Dole su zama na wajenmu, na kusa da gonakin da ake yawan feshi, don na nan ba za su yi ba. Aikin jami'a ne, bayaninsa da tsawo. Ki haɗa su da kyau yadda ba za su lalace a hanya ba, ki ba Iliyasu ranar da zai yi lodi, amma kada ki gaya masa abin da ke ciki.

Abu na ƙarshe shi ne babba. Don girman Allah kada kowa ya ji, musamman Malam. Ki riƙe mini wannan amana har sai na sake ki da kaina.

Ki gaishe mini da shi, ki ce karatu na tafiya daidai.

Ƙanenki,
Surajo Abdussalam.

Kadawa,
2 ga Fabrairu, 1986.

Surajo taubashina,

Takardarka ta zo hannuna, na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa dai tana nan da halinta, in zan tashi daga gaban murhu sai na dafa bango. Mahaifinka, Kawu Malam, lafiyarsa ƙalau, Islamiyya cike take, alkamarsa ta bakin kanal ɗin ban-ruwa ta fara fitar da kai.

Dariya kam na yi ta, har na ƙware da ruwa. Duk shekarun nan kana can kana cin takardun Bature, ashe ƙarshen abin kyankyaso za ka aiko a nemo maka. To amma ka zage ni ba ka sani ba. Wa ya gaya maka akwai kyankyaso a gidana? Ni da nake zuba tafasasshen ruwa da toka a masai duk Juma'a, ni da duba-gari ya shiga ɗakin girkina ya fito yana cewa mata su zo su koya. Kwana uku ina ɗaga tukwane da randuna, guda biyu na gani, su ma ramammu.

Sai da na fita waje. Ka san tsohon shagon nan na bayan kanal, inda manoma ke jibge ruɓaɓɓun kwanduna da gwangwanayen maganin feshi? Can ne garinsu. Na shafa man gyaɗa a cikin wani tsohon kwano mai zurfi, na sa ƙanzo da dusa a ƙasa, na jingina musu kara su hau. In sun faɗa, santsi ya hana su fita. Kullum da sassafe nake zuwa kwashewa, lulluɓe da mayafi, ina waige-waige kamar wadda ta je satar kaza. Ni Rekiya, da furfurata.

Ka ce kada su lalace. Na zauna na yi tunani. Tumatir ma da ake tsinka da safe, kafin ya kai Badun rabin kwando ya zama ruwa, balle wannan abu. Sai na yi musu yadda muke yi wa fara. Na zuba musu ruwan zafi, na barbaɗa gishiri, na shanya su a kan soro kwana huɗu, a tabarma daban wadda na ƙone daga baya. Sun bushe ƙayau, in ban da 'yan kaɗan ko ƙafa ba su rasa ba. Fatu maƙwabciyata ta hau nata soron shanyar kuɓewa, ta leƙo ta ce wace irin fara ce wannan. Na ce ta Kudu ce. Allah ya yafe mini.

Suna cikin babban gwangwanin madara, na ɗaure bakin da tsumma. Ga kuma ƙullin kuka da daddawa, kada ka ajiye su wuri ɗaya.

Amma ka gaya mini, me ya haɗa kyankyaso da ciwon sukari? Don duk wanda ya zauna a zauren Kawu Malam sai ya ji cewa Surajo na Badun yana binciken ciwon sukari. Shekaranjiya ma Maharazu sarkin kasuwa yake ce mini in ka zo hutu zai kawo maka matarsa ka duba ta.

Yayarka,
Rekiya.

Badun,
16 ga Fabrairu, 1986.

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da wahalar da na sa ki. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Kuka da daddawa sun iso, ranar na ci tuwo kamar ina gida. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Gwangwani ma ya iso. Na ɗauke shi da murna na kai ɗakin gwaji, na buɗe a gaban malamina na jami'a da abokan karatuna biyar. Malamina ya ɗauki guda ya juya shi, ya ga gishiri, ya tambaye ni a hankali ko a garinmu cinsu ake yi. Ban san lokacin da na ce wata tsohuwa ce a ƙauye, wadda ba ta yi makaranta ba, ta yi mini shirme. Aka yi dariya, ni ma na taya. Ina gaya miki ne don tun ranar maganar ke damuna. Ba ki yi shirme ba. Ni ne kunya ta hana in rubuta miki cewa masu rai nake so, don na san in na faɗa za ki tambaye ni me zan yi da su.

Ga gaskiyar aikina. Shekara uku ke nan ba abin da nake taɓawa sai kyankyaso. A bayan ƙwaƙwalwarsa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle, ba wanda ya kai ƙwayar gero, sai da madubi mai ƙara girma ake ganinsu. Su ke sakin wani ruwa ɗan kaɗan cikin jini, a nan ana ce masa homon. Saƙo ne, Yaya. Kin san in an taka kyankyaso wani farin abu ke fitowa. Kitsensa ne, kuma nan ne rumbunsa da ɗakin girkinsa. In ya tsorata zai ruga, ƙulli ɗaya ya aika wa kitsen a saki sukari cikin jini, sai ya samu ƙarfin gudu. In mace ce ta isa yin ƙwai, wani ƙullin ya aika, sai kitsen ya fara haɗa gwaiduwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kowace ƙwayar kitsen nan tana ɗauke da rubutun gado da ta samo daga iyaye. Yadda ake haɗa komai na jiki yana ciki, amma a rufe. Saƙon ne ke zuwa ya buɗe shafin da ake bukata, a yi aiki da shi, sauran su zauna a rufe. Ni aikina in ɗaure wuyan kyankyaso da zare, ko in cire ƙullin da ɗan hantsaki, in ga me kitsen zai daina yi. Sa'an nan in yi masa allurar ruwan, in ga ko aikin ya dawo. Malamina na so mu duba ko na inda ake yawan feshi kitsensu na amsa saƙon daban da na nan. Matacce kuwa ba ya aikawa, ba ya amsawa.

In ina kan madubin nan, wallahi tasbihi nake yi. Amma zuwana gida na bara waccan, Malam ya tambaye ni a gaban mutane me nake karantawa. Na dubi fuskokinsu. Na tuna yadda ya tsaya shi kaɗai lokacin da 'yan'uwansa suka ce boko zai lalata ni, ɗan gidan malamai. Na kasa cewa kyankyaso. Sai na ce ina binciken yadda sukari ke hawa da sauka a jini, ban ce jinin wa ba. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ni kuma har yau ban gyara ba.

Ba ni da bakin sake roƙonki, amma ga shi ina yi, don na riga na yi wa malamina alkawari. Ki samu mazubi mai murfi, ki huda murfin da ƙusa su sha iska, ki cusa tsofaffin takardu su ɓuya a ciki, ki yanka musu dankali maimakon ruwa. In kin ƙi, ba ki yi laifi ba. Amanar dai tana nan yadda take.

Ƙanenki mai laifi,
Surajo.

Kadawa,
9 ga Maris, 1986.

Surajo,

Ina fata kana lafiya. Kawu Malam lafiya, an fara yankan alkama. Ni ban da lafiya, amma ba gwiwa ba ce.

Maganar tsohuwar ƙauye ta yi mini zafi kwana biyu, sa'an nan ta wuce. Tsohuwa ce ni, a ƙauye nake. Bayaninka kuwa sau uku na karanta. Ban gane duka ba, amma na gane Allah ya sa aiki a cikin abin da muke takawa da silifa, har na ji ƙyamar ta ragu. Na koma shagon nan, kwana tara, na tara maka masu rai.

Gwangwani ya yi musu kaɗan, kuma in suna yawo a ciki ana jin ƙarar ƙafafunsu. Sai na ɗauko babbar samirata ta kayan ɗaki, na huda murfin, na ɗaure ta da ɗankwali yadda ake ɗaure abincin da za a kai wa dangi. Na ce a raina ba wanda zai tambayi wannan, ba kuma wanda zai kwance ɗaurin da ba nasa ba. Ranar Talata na kai ta rumfa don Iliyasu ya ɗauka, na tura ta ƙarƙashin benci cikin sauran kwanuka. Ashe motarsa ta yi faci a Garun Malam, bai iso ba sai la'asar.

Da azahar rumfa ta cika, 'yan gwari da direbobi sun kai ashirin. Ka san Dattijo dillali, shekara goma yana cin abincina, ya zama ɗan gida, shi ke zuba wa kansa ƙari. Na juya ina gyara wuta, na ji yana cewa miya ta yi masa kaɗan, ai ga wata nan na ɓoye wa wani. Kafin in waiwayo ya kwance ɗankwalin, ya ɗaga murfi.

Surajo, ba na so in tuna. Sun hau hannun rigarsa, sun bazu kan tabarma, sun shiga kwanukan mutane, wasu suka tashi sama. Manyan maza suka miƙe suna kakkaɓe jiki, aka kifar da tukunyar miya. Wani baƙo ya tofar da lomar bakinsa a gabana. Ni ina tsaye da ludayi a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Maharazu sarkin kasuwa ya zo ya ce, “Rekiya, wannan na wane ne?” Sunanka ya zo mini har kan harshe. Na ce, “Nawa ne.” Ya ce na me? Na sunkuya na fara tattara kwanuka.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce ƙazanta ce. Amma labari na shiga unguwa sai Fatu ta tuna farar Kudu da ta gani a kan soro, da gishirinta. Ta gaya wa mijinta, ba da mugunta ba, tsoro ne ya kama ta. Yanzu maganar da ke gari ita ce busar da su nake yi, in daka, in zuba a miya don in riƙe masu ciniki. Wai shi ya sa wanda ya ci tuwona sau ɗaya ba ya iya cin na wata.

Washegari na yi girki kamar kullum, na je na zauna. Motoci suka yi lodi suka tashi, mutane na wucewa suna gaishe ni daga nesa. Na dawo da tukunya yadda na kai ta. Na zuba a kwanuka na aika gidajen maƙwabta, aka dawo mini da su ba a taɓa ba.

Ban gaya wa kowa ba, don ka ce sai ka sake ni da kanka. To ka sake ni. Ko ka rubuto wa Kawu Malam, ko ka ce mini in faɗa. Layi ɗaya ya isa. Iliyasu zai juyo ranar Lahadi.

Rekiya.

Kadawa,
6 ga Afrilu, 1986.

Surajo,

In kana lafiya, alhamdu lillahi. Har na so a ce mini ciwo ka yi, don in samu uzurin da zan ba ka, sa'an nan na yi istigfari. Iliyasu ya je Badun sau biyu ya dawo. Ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, kuma ya gan ka da ƙafafunka.

Tumatir ya fara ja baya, zafi ya shigo, an rage ruwa a kanal. Ina zuwa rumfa da 'yar ƙaramar tukunya saboda matafiyan da ba su san ni ba. Wannan ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Makon jiya aka yi sunan jikar Fatu. Shekara ashirin ba a yi suna ko biki a unguwar nan ba tare da ni na riƙe muciya ba, kai ma ka sani. Na yi wanka na ɗaura zanen aiki na shiga. Sai aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka ce, “Yaya, ki huta, gwiwarki.” Na miƙa hannu in taya yankan albasa, wata ta janye farantin a hankali tana yi mini murmushi. Ba wadda ta zage ni. Da an zage ni da na samu abin ramawa. Na zauna har aka sauke tuwo, ya yi gudaji.

Ranar Alhamis Kawu Malam ya aiko kirana. Ya sallami kowa daga zaure, ya rage ni da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mahaifiyata ta bar masa ni amana, ya ce arziki na Allah ne, wanda ya nema ta hanyar asiri ya taɓa imaninsa. Ya ce ko lafiyar mutane ban duba ba? Ya ce, “Da kin tambayi ƙanenki Surajo, shi da ya san ilimin lafiya, da ya gaya miki irin cutar da ke jikin abin nan.” Sa'an nan ya ce in tuba, shi zai roƙa mini mutane a hankali.

Na durƙusa na ce, “To Kawu, na tuba.”

Ka ji abin da na yi. Na amsa laifin da ban yi ba, a gaban mutumin da tun ina yarinya ban taɓa yi wa ƙarya ba. Ya sa mini albarka, idonsa ya kawo ruwa don tausayina. Na fito ina jin kunyar kaina fiye da ranar samira.

Ba zan sake rubutowa ba sai na ji daga gare ka.

Rekiya.

Badun,
18 ga Mayu, 1986.

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Barka da shan ruwa. Ina fata azumi ya zo miki da sauƙi, ke da Malam. Lafiyata ƙalau, ban yi ciwo ba ko na yini ɗaya, ba ni da wannan uzurin.

Takardunki biyu suna cikin aljihuna. Ta farko na karanta ta a tsaye a bakin motar Iliyasu, na ce masa gobe zan kawo amsa, na ƙi komawa kasuwar har ya tashi. Sau huɗu ina rubuta wa Malam ina yagewa. Duk sanda na zo wurin da zan rubuta sunan abin, sai in ga zaurensa, in ga mutanen da ya shekara biyu yana gaya wa ɗansa na neman maganin sukari. Sai in ce bari mako mai zuwa, wataƙila maganar ta mutu da kanta. Da ta biyun ta zo na karanta inda kika durƙusa, na kasa shiga ɗakin gwaji kwana uku. Duk da haka ban rubuto ba. Ban san sunan da zan kira kaina da shi ba.

Akwai wadda ta fi wannan muni, gara ki ji daga bakina. Tun farkon Maris, kafin ranar da Dattijo ya buɗe samira, malamina ya ce mu bar maganar kyankyasan Arewa, lokaci ya ƙure, na ɗakin gwaji sun isa. Na yi niyyar sanar da ke, na ce ai sai Iliyasu ya zo. Wato ranar da kika tsaya da ludayi a gaban mutane, ba a ma bukatarsu.

Na sake ki, Yaya. Ki gaya wa duk wanda kika ga dama. Ga kuma takarda a ciki zuwa ga Malam, na rubuta ta da ajami don ya karanta da kansa. Komai na ciki, ban rage ba. Ban liƙe ta ba. In kin ga ya dace ki ba shi, in kin ga za ta yi masa illa ki riƙe. Ke kika san halin da yake ciki.

Na so in ce aiki ne zai hana ni zuwa Sallah. Akwai aikin, amma ba shi ba ne. Ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Iliyasu ya koma ɗaukar albasa, shi zai kawo miki wannan. Ki yafe mini in kina iyawa.

Surajo.

Kadawa,
15 ga Yuni, 1986.

Surajo,

Barka da Sallah. Mun yi ta lafiya, an yi ruwa biyu masu kyau, mutane sun fara shuka. Gwiwa na nan.

Da na buɗe takardarka na ga ta Kawu Malam a ciki ba a liƙe ba, raina ya ɓaci fiye da duk abin da ya wuce. Ka yi ƙaryarka, ka yi shirunka, sa'an nan ka aiko mini wuƙar ka ce ni zan zaɓa ko in soka wa tsoho ko in bar ta a jikina. Wannan ba sakina ka yi ba, wani kayan ka ƙara mini.

Kwana goma sha biyu tana ƙarƙashin filona. Ina zuwa tafsirin Kawu Malam in zauna bayan mata, in ji yana rufewa da addu'a, yana sa sunanka, wai Allah ya sa a samu waraka ta hannunka. Sai in dawo in ce na haƙura, ni bazawara ce mai tuwo, shi kuwa malamin gari ne. Amma da aka fara shirin abincin Sallah na ga ko aron tukunya ba wadda ta zo yi gidana, na kasa. Ba don gaskiya na kai masa ba, kada in yi maka ƙarya. Don kaina na kai.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ya ce, “A nan kika durƙusa kika ce kin tuba.” Na ce e. Ya ce, “Ni kuma na karɓa.” Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Na zauna ina kallon ƙasa, ina ji da ma ban kawo ba. Daga nan na tashi na fita. Har aka yi Sallah ban ji daga gare shi ba.

Shekaranjiya Juma'a ina rumfa da 'yar tukunyata, sai na hango shi tafe da sandarsa, mutanen da suka sauko daga masallaci na biye da shi, ba su san inda za shi ba. Ka san bai taɓa cin abinci a kasuwa ba, kuma ka san ba ya tsallake azumin Shawwal. Ranar bai ɗauka ba. Ya zauna a kan bencina ya ce in zuba masa tuwo, in cika miya.

Kafin ya sa hannu ya juya ya ce, “Jama'a, kyankyasan da kuka gani a nan ɗana Surajo ne ya aiko a kama masa. Su yake karantawa a Badun, ba ciwon sukari ba. Abin da na riƙa gaya muku ba haka ba ne. Maharazu, ka kai matarka asibiti, kada ka jira shi. Rekiya amana ta riƙe, ni kuma na sa ta tuba a kan abin da ba ta yi ba.”

Wani ya yi dariya daga baya, na ji an ce dakta na kyankyasai. Ya ji, na ga kunnensa ya motsa. Ya yi bismilla ya fara ci. Haƙoransa ba su da ƙarfi, ya daɗe, mutane na tsaye suna kallonsa, bai ɗaga kai ba har ya suɗe kwanon. Maharazu ya zauna kusa da shi ya ce a zuba masa shi ma. Dattijo ya tsaya jim, ya wuce. Jiya mutum shida suka ci, Fatu kuma ta aiko aron turmi. Ban san ko sauran za su dawo ba.

Da zai tafi na ce masa zan rubuto maka, ko akwai saƙo. Ya daɗe yana laluben takalminsa da ƙafa. Ya ce ka tsaya ka ƙarasa karatunka. Na ɗauka shi ke nan, sai ya ce, “Ki gaya masa ba kyankyaso ne ya hana ni ɗaga kai ba. Da shi ne, da na saba cikin mako guda. Wata uku da ya bar ki a ciki, yana sane, shi ne ban san inda zan kai shi ba.”

Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Yayarka,
Rekiya.